Ranar da Na Ce wa Baba Ya Rage Murya

Yau kwana bakwai ke nan Babana bai yi magana ba. Ba wai ni kaɗai ya ɗauke wa wuta ba, da haka ne ma da sauƙi. Kowa ba ya yi wa. Yana cin abinci, yana sallah, yana zama a kan kujerarsa ta roba a ƙofar ɗaki, amma baki gum. Kuma ni ce sila. Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambayar ko an sa rana, ku gyara zama, don abin da na ɗebo wa kaina ya fi ƙarfina. Mai niyyar zagina ya bari in kai aya tukuna, ni ma na zagi kaina ya fi a ƙirga.

Sai na fara gaya muku yadda gidanmu yake, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Baba shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a masaƙa, a babban ɗakin da injuna suke ruri tun safe har yamma. Da ya ajiye aiki, kunnensa na hagu ya riga ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma saura ɗan kaɗan. Shi ba ya jin muryar kansa, don haka da ƙarfi yake magana. Mu kuma don ya ji mu, da ƙarfi muke amsawa. A haka muka tashi. A gidanmu in Umma ta ce a miƙo mata gishiri, gida uku ne suke sanin miya ta yi lami. Maƙwabta Gidan Rediyo suke ce mana, kuma ko a jikinmu, don mu a kunnenmu hira kawai muke yi.

Ban san muna da ihu ba sai da na samu aikin sakatariya a ofishin wasu masu zanen gine-gine. A satina na farko na ɗaga waya na ce, “Salamu alaikum, wa ke magana?” Sai ga Oga ya fito daga ofishinsa da sauri har da tuntuɓe, ya zaci faɗa ake yi. Ranar kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun daga nan na yi wa kaina murya biyu, ta gida da ta waje, kamar yadda mutum yake da silifas na tsakar gida da takalmin fita.

To, da muryar wajen Mai Raɗa ya san ni.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, Mai Raɗa shi ne mutumin da yake nemana da aure wata takwas ke nan. A ɗakin karatu na jama'a yake aiki, shi ne mai kula da littattafai. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta raɗa masa sunan ranar da ya fara zuwa gaisuwa. Yana fita ta riƙe haɓa ta ce, “Oh ni! Wannan gaishe ni ya yi ko addu'a ya tofa min?” Mutum ne mai sanyi, ko kofi zai ajiye a tebur sai ya tara ɗan yatsansa a ƙasa don kada ya yi ƙara. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba. Ina son shi har ina jin tsoro.

Sau biyu ya gaisa da Baba, duka a falo, ba hayaniya, Baba sanye da na'urar jinsa a kunnen dama. Komai ya tafi lafiya. Ban taɓa zaunar da shi na gaya masa zurfin matsalar ba. Na ce wa kaina ai Baba ne ba ya so, don kullum cewa yake, “Ni ba kurma ba ne, ku ne ba kwa buɗe baki.” Amma tsakanina da Allah, ba don Baba na ɓoye ba. Don kaina na ɓoye.

Shekarata ashirin da tara. Auta, ƙanwata, shekara shida da aure, 'yan biyunta mata har sun shiga makaranta. Maza biyu sun zo a baya sun tafi. Shi ya sa Umma ta ɗauki maganar Mai Raɗa kamar ƙwai a cokali. Kullum zan fita sai ta ce, “Ki bi a hankali da yaron nan. Wannan in ya kuɓuce, ni dai ban san bakin da zan yi wa mutane bayani da shi ba.”

Ranar wata Talata saƙonsa ya shigo ina ofis.

“Sakatariya, Hajiyarmu za ta shigo ganin likitan ido, kwana biyu kawai. Tana so ta ga su Baba ido da ido kafin manya su zo. Na kama mana tebur na mutum biyar, Alhamis ƙarfe biyu.”

Na rubuta, “Biyar?”

“Ni, Hajiya, ke, Baba, Umma. Ko lissafina ya ɓata?”

Lissafinsa bai ɓata ba. Gidanmu ne bai sani ba.

Ranar Alhamis tun hantsi nake fama da kaya. Na saka doguwar riga ruwan toka, na cire. Na saka mai ruwan zuma, Umma ta ce ta yi min duhu. Na koma ruwan tokar, na yafa farin mayafi mai ɗan aiki a baki, ɗan kunne ƙanana, turare fesa biyu ba ƙari. Baba kuwa tun sha biyu ya shirya. Ya sa farar rigarsa da Umma ta goge har sau biyu, ya sa sabon batir a na'urarsa, ya zauna a falo hannu bisa gwiwa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Sai murmushi yake yi. Da na wuce ya ce, “Kai, kai, kai! Yau 'yar masaƙa ta fito!” Sunan da yake kirana ke nan tun ina ƙarama.

Muna shirin fita sai ga Goggo ta faɗo, ta ci ado da wani jan leshi mai walwali, awarwaro har gwiwar hannu. Bayanta Auta da 'yan biyu, kowacce da takalmi mai fitila da ƙara in an taka.

Na ce, “Goggo, ina zuwa?”

“Ina zuwa kamar yaya? Za a ga surukai a bar ni a gida ina gadin tukwane?”

“Tebur na mutum biyar fa aka kama.”

“To, katako ya ƙare a garin ne? A ƙaro wani.”

Na kalli Umma ko za ta ce wani abu. Ta kawar da kai tana gyara ɗaurinta. Ba wanda yake iya wa Goggo, har Baba.

Gidan abincin irin wanda kana tura ƙofar gilashi sanyi zai tare ka ne. Fararen ƙyallaye a kan tebura, wani siririn kiɗa yana tashi ƙasa-ƙasa, ma'aikata mata cikin baƙaƙen riguna suna tafiya kamar ba sa taka ƙasa. Mutane cike, amma ƙarar cokali kawai kake ji jefi-jefi. Muka shiga mu bakwai. Goggo ta rangaɗa sallama tun daga bakin ƙofa, kawuna suka ɗago a lokaci guda.

Mai Raɗa ya miƙe. Na ga idonsa ya ƙirga mu, amma bai nuna komai ba, ya yi murmushi ya durƙusa ya gaida su Baba. Hajiyarsa doguwa ce, fara, da farin gilashi, fuskarta irin wadda ba ka iya karanta komai a kai. Ta rungume Umma, ta riƙe hannuna ta ɗan jima tana kallona, sannan ta ce, “Sannu 'yata.”

Kafin ma'aikaciya ta ƙaraso, Goggo da Auta sun kama teburin da ke gefe sun ja shi a kan tayil. Ƙiiiii! Har cikin haƙorina na ji.

A nan ne na lura da waɗanda suke bayanmu. Mata da miji ne. Mijin kansa naɗe da bandeji har ya rufe rabin goshi, a wuyan hannunsa akwai irin abin robar nan da ake ɗaura wa majinyata, ga ledar magani a gefen farantinsa. Matar tana yanka masa kaza ƙanana-ƙanana. Da ganinsu ka san daga asibiti aka sallamo su, ta ce bari ta kawo shi ya ci abu mai daɗi. Da teburin ya yi ƙara, mutumin ya runtse ido ya dafe kai.

Aka kawo lemo. Minti biyar ba a yi ba Goggo ta zaro waya.

“Bari in nuna wa mutuniyar inda muke, ta ce ƙarya nake yi.”

Ta kira 'yarta kiran bidiyo, ta ƙure murya, ta ɗaga wayar sama tana juyawa da ita. “Kin gani? Kin ga fitilun? Ga surukar nan, gaishe ta! Ke, ba na jin ki, ɗaga murya!” Can ɓangaren kuma jariri yana tsala kuka, talabijin yana yi. 'Yan biyu suka sauka daga kujera suka fara tsere tsakanin tebura, takalma suna ƙyal-ƙyal suna tsuwa. Auta tana danna tata wayar, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Ku zauna mana,” shi ke nan ta sauke nauyi.

Yanzu ga abin da na gani da idona amma ban ba shi muhimmanci ba sai daga baya. Na'urar Baba ba ta zaɓe. Duk abin da ke wuri ɗauka take ta zuba masa a kunne, kukan jariri, tsuwar takalmi, ƙarar awarwaro, duka lokaci guda. Na ga ya yamutsa fuska, ya kai hannu kunne ya murza, ya sake murzawa. Daga ƙarshe ya zare ta a hankali ya jefa a aljihun gaba. Wato kafin hayaniyarmu ta dami kowa a wurin nan, shi ta fara cutarwa.

Sai Hajiya ta juyo ta tambaye shi, da ɗan ƙarfi don ta lura, me ya sa yake ce min 'yar masaƙa.

Wayyo. Labarin da Baba ya fi so a duniya ke nan.

Ya gyara zama, ya buɗe murya. Kuma ku tuna, ba na'ura, ba ya jin kansa ko kaɗan.

“Hajiya, wannan da kike gani, tana shekara biyar! Uwarta ba lafiya, aka rasa mai kawo min abinci! Sai ta bi maƙwabciyarmu har bakin masaƙa, ta zille wa mai gadi, ta shige!”

Muryarsa ta cika wurin har tana dawowa daga bango. Ya danne wayar Goggo, ya danne kiɗan, ya danne komai. Wani mai kwat a can gefe ya ajiye cokali ya juyo gaba ɗaya. Wasu 'yan mata biyu suka rufe baki suna dariya, ɗaya ta ɗan ɗaga waya, ban sani ba ko ɗauka take yi. Ɗaya daga cikin 'yan biyu ta zo a guje ta bangaji kujerar mai bandeji. Mutumin ya ce “wash” a hankali. Matarsa ta ɗago ta kalle ni. Ba harara ba ce, wallahi da harara ce da na ji sauƙi. Kallon roƙo ne.

“Injuna ɗari biyu, Hajiya! Ɗari biyu! In kin shiga, ko bindiga aka harba ba za ki ji ba!”

Ma'aikaciya ta zo ta sunkuya ta yi wa Mai Raɗa magana a kunne. Na ga ya gyaɗa kai, ya dubi teburin baya, ya ajiye ƙyallen hannunsa, ya miƙe ya bi ta. Bai ce min komai ba.

Jama'a, a nan shaiɗan ya samu wurin zama a ƙirjina. Na ce shi ke nan, korar mu za a yi. Na ce ya tashi ne don kunya ta hana shi zama. Na kalli Hajiya, ta karkata kai wajen Baba, fuskar nan ba yabo ba fallasa, na ce a raina daurewa kawai take yi, tana komawa masauki za ta ce masa ina ya samo waɗannan. Maganar Umma ta dawo min, wannan in ya kuɓuce.

Na ce, “Baba, a hankali.”

Da muryar waje na faɗa. Ina zai ji?

Na taɓa hannun rigarsa. Ya juyo da fara'a, ya dafa hannuna ya bubbuga. “Ga ta nan! Ita nake ba ki labari! Ƙafarta ko takalmi babu!”

'Yan matan suka sake fashewa.

“Baba, don Allah a hankali.”

“Ina can ƙarshen layi, na ba ƙofa baya, sai kawai...”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne, wanda ba ya ji, ba ka da hanyar ce masa ya yi shiru a asirce. Sai ka fi shi ƙara. Muryar gida ta fito min gaba ɗayanta, wadda na shekara huɗu ina ɓoyewa.

“Baba! Ka rage murya mana! Kowa kallonmu yake yi, kana ba mu kunya!”

Ya ji. Kowa ma ya ji, har masu wanke-wanke a ciki.

Wurin ya yi tsit. Goggo ta kashe wayarta. 'Yan biyu suka tsaya cak. Baba ya bar bakinsa a buɗe kan kalmar da bai ƙarasa ba. Sannan ya juya a hankali ya dubi wurin, tebur bayan tebur, kuma na rantse sai a lokacin ya ga idanun da ke kansa. Ya ga mai kwat. Ya ga 'yan matan. Ya ga mai bandeji. Ya sa hannu a aljihu ya lalubo na'urar, sau biyu tana kuɓuce masa kafin ta zauna. Ta yi 'yar ƙara, fiii.

Ya dubi mata da mijin nan, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce da wata ƙaramar murya da ban taɓa sanin yana da ita ba, “Ku yi haƙuri.”

Maganarsa ta ƙarshe ke nan har yau.

Ina tsaye kamar an dasa ni sai ga Mai Raɗa ya dawo, yana murmushi, bai san me ya faru ba don yana can ciki.

“Baba, akwai wani ɗaki a ciki, na roƙa sun buɗe mana. Ya fi faɗi, yara za su sake, mu ma mu yi hirarmu son ranmu.” Ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. “Lafiya?”

Ashe abin da ya tashi yi ke nan. Minti biyu kawai ya rage in jira. Minti biyu.

Mun koma ɗakin. An kawo shinkafa da kaza da kifi, an jera, ba wanda ya ci na kirki. Hajiya ta ce, “Alhaji, ba ka ƙarasa mana labarin ba.” Baba ya yi murmushi ya girgiza kai, ya ci gaba da juya cokali a faranti.

Na tashi na shiga wurin wanke hannu don in yi kukana. Ina tsaye gaban madubi sai ga matar mai bandeji ta shigo. Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni.

“'Yar'uwa, ni ce na yi wa ma'aikaciyar magana, kuma wallahi da na san haka za ta kasance da na haƙura. Ni ba da tsohon nake ba. Wayar nan ce, da yaran da suke bugun kujerarsa, ɗinkin kansa ɗanye ne. Tsohon kam, maigidana ma saurarensa yake yi. Sati uku rabon da in ga ya yi murmushi sai ɗazu.” Ta wanke hannu ta yarfe. “Ya aka yi a ƙarshe? Ya ji ki?”

Na buɗe famfo na wanke fuskata.

Ni na san ƙarshen labarin, na ji shi ya fi sau ɗari. Ina shekara biyar na tsaya a bakin ɗakin injuna, kwanon abinci a kaina, na cika ƙirji na ƙwala, “Baba!” Kuma ya ji. Ta cikin injuna ɗari biyu, ya ba ƙofa baya, ya ji ni ya juyo. Kullum a nan yake rufewa da cewa, “Shekara talatin da ɗaya a ɗakin nan, muryar mutum ɗaya na taɓa ji, ta 'yar nan.” Abin da yake shirin gaya wa uwar mijin da zan aura ke nan. Yabona yake yi, na tashi na ce yana ba ni kunya.

A mota Goggo ta buɗe wuta. “Kin kyauta! Uban da ya haife ki, a gaban surukai! Boko ta yi rana!”

Na juyo, idona ya rufe. “Goggo, da kin bar wayarki a jaka, da bai cire na'urarsa ba. Wa ya gayyace ki ma?”

“Ni kike gaya wa haka?”

“Ke da Auta. Mutum da ɗinki a ka, 'ya'yanta suna bugun kujerarsa, tana danna waya!”

Auta ta ce, “To ni me na yi? Yara ne fa. Ai ba masallaci muka je ba, kuɗi aka biya.”

“Su sauran kyauta suka shigo?”

Umma ta daka mana tsawa muka yi shiru. Gaskiya na faɗa musu, har yanzu ban janye ba. Amma gaskiyar ba ta wanke ni ba. A teburin nan mutum uku ne suke damun jama'a, biyu da gangan, ɗaya ba da saninsa ba. Na tsallake biyun, don Goggo tana da baki, Auta tana da baki, na faɗa wa wanda na san ba zai rama ba. Baba yana gaba kusa da direba, yana kallon titi, bai juyo ba har muka iso.

Tun ranar gidanmu ya mutu. Ba wanda za a ɗaga wa murya, sai kowa ya koma magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Jiya maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambayi Umma ko tafiya muka yi. Da ina addu'ar Allah ya kawo ranar da gidanmu zai yi shiru kamar na mutane. Ga shi ya yi, kuma ba na iya haɗiyar abinci a cikinsa.

Na durƙusa gabansa sau uku. In ya ga bakina yana motsi sai ya yi murmushi ya dafa kaina, ya tashi ya shiga ɗaki. Na'urar ma ya daina sawa. Tana cikin wani gwangwanin alawa a kan taga.

Umma kuwa ta kasu biyu. Da safe ta ce, “Ban taɓa zaton haka daga gare ki ba.” Da rana ta biyo ni kicin ta ce, “Yaron ya kira? Me uwar ta ce? Asabar ɗin tana nan?” Don an riga an tsayar cewa Asabar mai zuwa manyansa za su zo neman aure.

Mai Raɗa bai daina turo saƙo ba, amma saƙon ya rame. “Kin tashi lafiya?” “Ya jikin Baba?” Jikin Baba, kamar ya san ciwo ne. Sakatariyar ma ya daina kirana. Na rubuta masa dogon bayani sau huɗu ina gogewa.

Yau da safe ina ofis na buɗe jakata zan ɗauko biro, sai na ga takarda a ninke. Bayan kalanda ne aka yaga. Rubutun Baba ne, manyan baƙaƙe masu karkata, irin na wanda ya fi sabawa da spana.

“'Yar masaƙa. Ban yi fushi ba. Gaskiya kika faɗa, ban san haka nake ba, ba wanda ya taɓa gaya min. Ranar Asabar Kawunki zai karɓi baƙi, na rubuta masa. Ni zan fita tun safe in dawo bayan sun tafi. Kada in ɓata miki. Allah ya sa albarka.”

Na kifa kai a kan tebur. Oga ya fito ya gan ni, ya koma ya ja ƙofarsa a hankali.

Ban gama share fuska ba waya ta yi ƙara. Mai Raɗa ne, kuma wannan karon saƙon dogo ne.

“Na yi ta juya yadda zan gaya miki. Hajiya ba ta ce komai a kan hayaniya ba, ta ce kowane gida da irin muryarsa. Abin da kika yi ne ya tsaya mata. Ni ma ya tsaya min, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma na ji zafin da ba ki taɓa gaya min zurfin lalurarsa ba, da tun farko ɗakin ciki zan kama. Na roƙe ta. Ta ce ta yarda kawunnaina su zo Asabar, da sharaɗi ɗaya. Za ta biyo su, kuma Baba ne zai karɓe su da bakinsa, ya ƙarasa mata labarin da aka katse. Ta ce in uban ya yafe har ya iya ba da labarin nan a gabanki, ita ma ta yafe. In bai iya ba, kada a wahalar da kowa.”

Takarda a hannun hagu, waya a hannun dama. Yau Alhamis.

Na nemi izini na taho gida bayan la'asar. Tun a mota nake gaya wa kaina ba don Asabar zan yi ba, kuma ban sani ba ko gaskiya nake faɗa. Abin da na sani shi ne, ko Mai Raɗa ya tafi, ba zan iya zama a gidan da Baba yake rubuta min wasiƙa muna kwana rufi ɗaya ba.

Na same shi a kan kujerar robar, carbi a hannu. Ya juya kujerar yadda kunnen dama yake fuskantar bango. Gwangwanin alawar yana kan taga, a rufe. Umma tana bakin kicin da tsintsiya, maƙwabciya tana shanya a saman bene, rediyon wani yana yi a bayan katanga. Na gane cewa haƙurin nan ba shi da hanyar bayarwa a ɓoye. A gaban mutane na yi, kuma duk unguwa ce za ta ji ni ina roƙo.

Na ajiye jaka. Na cire takalmin fita. Na tsaya a bayansa na buɗe baki.

“Baba.”

Muryar ofis ce ta fito, 'yar siririya, mai ladabi. Ko ƙudan da ke kan hularsa bai tashi ba.

Hawaye suka zubo min. Na ja numfashi har ƙirjina ya yi zafi, na tuna kwano a kaina da ƙafa ba takalmi.

“Baba!”

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Umma. Maƙwabciya ta tsaya da zani a hannu. A bayan katanga wani ya kashe rediyo.

Bai juyo ba. Amma yatsunsa sun tsaya a kan carbin.